Kunkuru a Shagon Mai Katifa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aski a ƙuryar layinmu, kuma duk tsawon lokacin nan langa-langa ɗaya ce ta raba shagona da na mai katifa. Babu wani cika baki da ya taɓa yi wanda bai faɗo kunnena ba, ko ina so ko ba na so. Shi ya raɗa wa kansa suna Farfesan Laushi, ya sa aka rubuta masa a allo da jan fenti. Mu kuwa muka datse wutsiyar, muke ce masa Farfesa kawai, don mu huta. Ya iya ɗinka katifa, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Ciwonsa ɗaya ne: ya yi imani duk wata damuwa ta duniya daga mugun makwanci take tasowa. Ciwon baya, faɗan miji da mata, faɗuwa jarrabawa, a wurinsa duk laifin katifa ne.

Abin da ke ci masa rai shi ne wurin zama. Ƙuryar layinmu ba mai shigowa sai wanda ya ɓata hanya. Ni ban damu ba, gashi ba ya daina tsirowa, masu shi za su nemo ni ko a rami nake. Shi kuwa sai ya yi kwana uku bai ga mai taya ko matashin kai ba. A can bakin babban titi surukarsa tana da gareji mai ƙofa biyu, kuma shekara tara Farfesa ya yi yana zawarcin garejin nan. Tsohuwa ta ƙi, saboda akwai mai zama a ciki. Kunkuru ce mace, girmanta kamar kwanon miya, wadda marigayi mijin Tsohuwa ya rena tun tana kamar murfin kwalba. Shi ya sa mata suna Gaggawa don tsokana. Tun da ya rasu, da ita Tsohuwa take hira. Makullin garejin kuwa a wuyanta yake rataye, ko wanka ba ta cire shi.

Wata Litinin da safe mota ta tsaya a ƙofar shagon Farfesa. Yanar ido ta daɗe da rufe wa Tsohuwa gani, da murya take gane mutane, to ranar za a kai ta asibiti a yi mata aiki, 'yarta kuma, wato matar Farfesa, za ta zauna jinya. Aka sauke baho, aka sauke buhu, aka sauke Gaggawa.

"Kai mai soso, buɗe kunnenka," in ji Tsohuwa. Haka take kiransa tun ranar da ya auri 'yarta.

"A buɗe suke, Mama."

"Wannan buhun ƙasar garejina ce, ba taki, ba magani. Ka juye a baho, zurfin taƙi biyu. Ka watsa busasshen ganye a kai. Gefe ɗaya ka riƙa yayyafa ruwa ya yi danshi. Watan tononta ne, kada ka hana ta ƙasa."

"An gama, Mama."

"Ban gama ba, kai ne ka gama. Ranar Asabar zan dawo. In na same ta yadda na bar ta, ƙofa ɗaya ta gareji taka ce."

Farfesa ya hau murza hannu don murna. Matarsa ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Maigida, don Allah abin da aka ce kawai. Ban da ƙari."

"Haba, sai ka ce yaro?"

Ƙurar motar ba ta kwanta ba ya saɓi buhun nan ya zazzage shi a wani rami da ke tsakanin ƙofata da tasa, ƙarƙashin bishiya. Dama ramin ya daɗe yana karya mana ƙafa.

Na ce, "Farfesa, ba ƙasar kunkurun ba ke nan?"

"Ƙasa! A shagon mai katifa? Shekara arba'in baiwar Allah nan tana kwana a ƙasa kamar marainiya, shi ya sa ba ta da sauri. Bayanta ne ya sage. Ba ni kwana shida, mai aski. Ranar Asabar da gudu za ta tari Mama. Ƙofa ɗaya aka ce? Biyun za a ba ni."

Kafinta, wanda shagonsa ke kallon namu, ya ajiye zarto ya jawo benci. Ya ce aiki zai iya jira.

Kafin azahar Farfesa ya yanka soso mai tsada, ya ja masa yadin siliki ruwan hoda mai santsi, har da ɗan matashin kai kamar tafin hannu. Ya ɗora Gaggawa a tsakiya, ya ja da baya ya riƙe ƙugu. Gaggawa ta miƙo wuya, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ƙafar ta zame. Ta ɗaga ta biyu, ita ma ta zame. Ta yi ta iyo a wuri ɗaya har ta kai gefe, sai ji muka yi ƙwal! Ta kifo ta baya, ƙafafu huɗu a sama suna harbin iska.

Kafinta ya ce, "Ta faɗi."

"Ba faɗuwa ba ce, miƙa ce. Kai in ka samu katifa mai kyau ba rigingine kake yi ba?"

"Ni ina iya tashi da kaina."

Na tsallaka na birkito ta. Sau huɗu ina barin kan mutum rabi da kumfa ina zuwa birkito kunkuru, har wani dattijo ya ce in zaɓa, ko shi ko ita. Da yamma matar Farfesa ta bugo waya, ina ji ta bango.

"Ka zuba mata ƙasar?"

"Tana kan abin da ya fi ƙasa."

"Maigida, me ka yi?"

"Ba na jin ki sosai, layin ba kyau. A gaida Mama."

Ranar Talata ya yarda cewa siliki ya yi mata santsi, amma laifin ƙafafunta ne da ba su waye ba. Tun da tono take so, sai ya kwaso ɓarɓashin soso, irin wanda yake cusa wa matasan kai, ya cika baho da shi. Akwai fari, akwai shuɗi, akwai kore. Ya zuba mata latas a kai. Gaggawa ta cinye latas, ta dubi koren soso, ta ga ai ɗan'uwan latas ne, ta ci gaba.

Na ce, "Farfesa, tana cin katifar."

"Ɗanɗanawa take yi. Mai hankali ba ya kwanciya a kan abin da bai gwada ba."

"Ta haɗiye."

"Ta haɗiye?"

Nan ta-maza ta ƙare. Ya durƙusa yana roƙon kunkuru ta buɗe baki. Ita kuwa ta janye kai cikin ƙoƙo ta bar shi yana magana da rami. Ya yi lallashi, ya yi barazana, ya kira ta Gimbiya, ya kira ta 'yar banza, ko gezau. Sai da kafinta ya kawo ɗan tsinke muka zauna zaman jira, ta fito da kai don kanta, muka zaro wani kore daga gefen bakinta. Saura nawa suka wuce ciki, Allah kaɗai ya sani.

Laraba da sassafe na gan shi a ƙofar kafinta da buhu, yana sharar garin katako.

Kafinta ya ce, "Wannan na katako mai ƙamshi ne, kuma akwai fenti a ciki. Ni kaina sai na ɗaure hanci nake yanka shi."

"Hancinka daban, nata daban. Ka taɓa ganin kunkuru da hanci irin naka?"

Ban taɓa sanin kunkuru na atishawa ba sai ranar. Wani ɗan sauti ne, fit, fit, kamar ana sace iskar taya. Kafin la'asar idanunta sun kumbura, hancinta na fitar da kumfa. Farfesa ya ce kukan daɗi take yi, tunawa ta yi da shekarun da ta ɓata a ƙasa. Amma duk da haka sai ga shi yana kwashe garin. Ya ruga wurin masu gini ya samo yashi ya zuba. Yashin ya manne wa kokwambar da ya yanka mata, ta ci da shi. Abin da ya fi muni, kafin gari ya waye labari ya kai wa duk wata kyanwa da ke layin cewa an buɗe sabon banɗaki. Da ya buɗe shago ranar Alhamis, uku suka fice ta tsakanin ƙafafunsa, warin kuwa har shagona.

Gaggawa ta daina cin abinci. Sai zagaye take yi a jikin bango, tana kartar siminti da ƙafafun baya har farcenta ɗaya ya fashe. Gaskiya tausayinta ya kama ni. Na tayar da babur na ce wa Farfesa, "Hau, ko ka hau ko in tafi da ita ni kaɗai."

Likitar dabbobi wata mata ce gajeriya mai tabarau, ba ta da lokacin wasa. Ta juya Gaggawa, ta duba ido, ta duba hanci, ta sa yatsa ta gefen ƙafar baya ta lalluba.

"A kan me take kwana?"

Farfesa ya gyara tsayuwa. "To, likita, mun bi matakai. Da farko siliki."

"Me?"

"Sai soso. Sai garin katako. Sai yashi."

"A cikin shekara nawa?"

Na ce, "Kwana huɗu."

Ta cire tabarau ta dube shi da idonta na ainihi. "Malam, gaba kake yi da ita?"

"Likita, ke kin karanta dabba, ni na karanta shimfiɗa. Kowa da fanninsa."

"To saurara, mai fanni. Kunkuru ba kwanciya kawai take yi a kan shimfiɗarta ba. Tana shaƙar ta, tana tona ta, tana haɗiye ta tare da abinci. Soso da yashi toshe hanji suke yi. Garin katako mai ƙamshi shi ya ƙona mata ido da hanci. Sannan ƙwai ne a cikinta, na taɓa huɗu. In ba ta samu ƙasar da za ta tona ba, riƙe su za ta yi, in ta riƙe su kuwa za su iya kashe ta."

"Ƙwai? Ai ba ta da miji."

"Kaza ma tana yi ba zakara. Ƙasa za ka ba ta, tsabtatacciya, ba taki ba magani, mai zurfi, da busasshen ganye, gefe ɗaya da danshi."

Na ce, "Taƙi biyu."

"Ka ji, wannan ya sani. Wa ya gaya maka?"

"Wadda ta gaya masa."

Ta ɗiga mata magani a ido, ta ce a riƙa jiƙa ta a ruwan ɗumi don sosan ya fita. A hanya har na fara murna, na ɗauka Farfesa ya ji magana. Muna shiga layi sai ya taɓa kafaɗata.

"Mai aski, auduga daga ina take fitowa?"

"Daga gona."

"Gona kuma mece ce?"

"Farfesa, kada ka fara."

"Ƙasa ce! Auduga 'yar ƙasa ce, ƙasa ce da ta yi karatu. Ka ga na bi maganar likita, na bi ta Mama, ban kuma zubar da mutuncin sana'a ba."

Na ce zan je da kaina in haƙo masa ƙasa a lambu. Ya ce in na shigo masa shago da datti, zumuncinmu ya ƙare.

Ranar Juma'a ya cika wani akwati mara zurfi da auduga ya sa Gaggawa. Zaren audugar ya riƙa naɗe mata ƙafafu, ni kuma ina zuwa da almakashi ina yankewa. Shi ba ya ma gani, hankalinsa ya tafi bakin titi. Ya sa an rubuta sabon allo, faɗinsa ya kai ƙofa: FARFESAN LAUSHI, KATIFAR MUTANE DA DABBOBI. Ya bi layi shago-shago yana gayyatar mutane su zo gobe su ga yadda ake karɓar makulli. Ya kuma fara ɗinka wa Tsohuwa katifar auduga ta barka da sauƙi. Ya cusa rabi, ya bar ta yashe a ƙasa baki buɗe, ya ce da safe zai ƙarasa.

Da safen kuwa ya makara. Ina yayyafa ruwa a ƙofar shagona don kwantar da ƙura, kamar yadda nake yi kullum, na ji shi yana cusa auduga da sauri yana waƙa. Ya zura basilla ya ɗinke bakin katifa tsaf, ya ja ta waje ya shimfiɗa a kan tabarma. Sai waƙar ta yanke.

"Mai aski!"

Na leƙa. Yana tsaye a kan akwati, akwati babu kowa.

Muka ɗaga soso, muka ɗaga yadi, muka leƙa ƙarƙashin keken ɗinki. Kafinta ya duba kwata. Farfesa ya kwanta rub da ciki yana kiran "Gaggawa, Gaggawa, 'yar albarka," gumi na ɗiga daga haɓarsa. Mutanen da ya gayyata kuwa sun fara taruwa, kowa da kujerarsa. Waya ta yi ƙara, matarsa ce, ta ce sun baro asibiti.

Na ce, "Ka faɗi gaskiya kawai."

"Gaskiya tana da lokacinta."

Ya ruga gida ya dawo da wani abu a ƙarƙashin riga. Ya kifa shi a cikin akwati, ya lulluɓa da silikin nan ruwan hoda, ya fito da akwatin ya ɗora a kan tebur gaban jama'a.

Mota ta tsaya. Matarsa ta fito, ta riƙo hannun Tsohuwa, Tsohuwa ta ture hannun. Ta cire baƙin tabarau a hankali, ta dubi layi, ta dubi bishiya, ta dubi mutane ɗaya bayan ɗaya. Farfesa ya matso ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Mama. Ya jiki?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa, tafiyar ba ta yi nisa ba. "Au, kai ne mai soso? Shekara tara ina jin muryarka, wallahi na ɗauka dogo ne."

Jama'a suka kwashe da dariya. Farfesa ya yi tasa ta yaƙe.

"Ina Gaggawa?"

"Ga ta nan, Mama, amma a yi magana a hankali. Barci take yi. Jama'a ku shaida, tun jiya ba ta motsa ba. Wannan shi ake kira shimfiɗa. Shekara arba'in ba ta taɓa samun barci irin wannan ba."

"Gaggawa ba ta taɓa jin muryata ta ci gaba da kwanciya ba."

"Daɗin katifa ne, Mama. Likitoci ma sun ce kada a tashe..."

Ta kama gefen siliki ta fizge. Kwano ne a kife, fari mai jan fure.

Matarsa ta dafe ƙirji. "Kwanon miyata!"

Wani daga baya ya ce, "Lallai ta yi barci, har ta yi fure." Kafinta ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi, kafaɗunsa na rawa. Tsohuwa ba ta yi dariya ba. Ta kai hannu ta damƙe makullin da ke wuyanta, ta ce da ƙaramar murya, "Ita kaɗai marigayi ya bar mini." Nan dariyar kowa ta mutu.

Farfesa ya yi wuƙi-wuƙi. Mai hankali a nan zai durƙusa ya nemi gafara. Shi kuwa sai ya daka tsalle ya nufi tabarma.

"Mama, kafin bayani, ga kyauta! Katifar auduga zalla, ɗinkin hannu. Ki zauna tukuna, hankali ya kwanta, sai mu yi maganar a natse."

"Wane tudu ne wancan a tsakiya?"

"Auduga ce ta dunƙule. Yanzu zan baje ta."

Ya ɗauko sandar da yake dukan katifa da ita, wata gora mai kauri, ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga ta sama da hannu biyu.

"Ajiye sandar nan!"

Tsawar da Tsohuwa ta daka sai da tsuntsaye suka tashi daga bishiya. Sanda ta tsaya a sama. Kowa ya zuba wa katifa ido. Tudun nan ya motsa. Ya tsaya. Ya sake motsawa, a hankali, ya nufo inda muryar ta fito.

Wata mata ta yi salati ta haye kujera. Farfesa ya dubi jama'a, kuma wallahi sai da ya gwada.

"Sabon samfuri ne. Mai tausa."

Kafinta ya faɗo daga benci.

Ban jira izinin kowa ba, na zaro aska daga aljihu na farke ɗinkin tun daga wannan kusurwa har waccan. Na zura hannu har kafaɗa na jawo ta. Gaggawa ta fito da auduga a ka kamar furfura, ta yi fit sau ɗaya, ta dubi Tsohuwa. Tsohuwa ta durƙusa tana cire mata zare daga ƙafa, tana cewa, "Sannu, sannu, sun wahalar da ke." Ranar ce karon farko da ta ga fuskarta a shekara tara.

Amma Gaggawa ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta zame daga hannun Tsohuwa, ta taka silikin da ke ƙasa, ta wuce akwati, ta wuce katifa, ta bi ta tsakanin ƙafafun Farfesa. Ban taɓa ganin ta yi sauri irin na ranar ba, a nan dai Farfesa bai yi ƙarya ba. Mutane suka dare mata hanya. Ta miƙe sak zuwa ramin da ke ƙarƙashin bishiya. Kwana shida ganye na zuba a kai, kwana shida ina yayyafa wa gefena ruwa, kuma ba motar da ta taka, tun da ba mai shigowa layinmu. Ta shinshina, ta juya, ta kafa ƙafafun baya ta fara tono.

Tsohuwa ta ɗebi ƙasar a tafin hannu ta murza. "Wannan ƙasar na san ta."

Ta juyo ta dubi Farfesa.

"Mai soso, wa ya zuba ta a nan?"

"Dama, Mama, tsari ne. Na lura cewa iskar waje..."

"Wa ke jiƙa ta?"

Kafinta ya ce, "Mai aski."

"Wa ya kai ta asibiti? Ina jin warin magani a idonta."

"Mai aski, a babur ɗinsa."

Tsohuwa ta ce, "Inuwar bishiya ta gusa, rana na dukanta. A yi mata inuwa."

Aka duba, ba abin da ya kai faɗin sabon allo. Haka Farfesa ya ɗaga shi a ka da hannu biyu, ya tsaya a bakin rami, KATIFAR MUTANE DA DABBOBI na kallon sama. Kunkuru kuwa ba a yi mata gaggawa, ko da sunanta ke nan. Awa uku ta yi. Ba wanda ya tafi, har masu wucewa a babban titi suka ji labari suka shigo, layinmu bai taɓa ganin jama'a irin ta ranar ba. Duk ƙwan da ya faɗa rami sai a tafa. In hannun Farfesa ya fara sauka, sai matarsa ta ce, "Maigida, ɗaga. Abin da aka ce kawai, ban da ƙari."

Da na huɗu ya faɗa, Gaggawa ta mayar da ƙasa ta daddaɓe. Tsohuwa ta miƙe, ta cire igiyar daga wuyanta. Makulli biyu ne a jiki. Farfesa ya jefar da allo ya miƙo hannu. Ta zare ɗaya ta sa masa a tafi. Fuskarsa ta washe, ya juyo zai yi wa jama'a jawabi.

"Na ƙofar baya ne," in ji ta. "Duk Asabar ka kawo buhun ƙasa ka canja mata. Taƙi biyu. Zan auna, yanzu ina gani."

Ɗayan kuwa ta miƙo mini. Na ce, "Haba Mama, ni ai ban yi komai ba."

"Shi ya sa. Da shi ma bai yi komai ba, da tuni yana bakin titi."

Tun watan nan a bakin titi nake aski, katako ɗaya ne tsakanina da Gaggawa. Maƙwabciya ce ta gari, ba ta cika baki. Farfesa ya yi wata biyu ba ya gaishe ni, daga baya gashi ya yi masa yawa ya sauko. Duk Asabar yakan wuce ta ƙofata da buhu a ka, ya zagaya baya. Makon jiya wani mai jiran aski ya tambaye shi me yake ɗauke da shi. Ya sauke buhun, ya share gumi, ya riƙe ƙugu.

"Ƙasa, malam. Ba taki, ba magani, zurfin taƙi biyu. In kana da kunkuru, kada ka bari wani jahili ya ruɗe ka da soso. Ni nan da ka gan ni, sai da na yi bincike mai zurfi kafin in gano haka."

Daga cikin gida muka ji muryar Tsohuwa. "Mai soso! Ina ganinka ta taga."

Ya saɓi buhu bai ƙarasa jawabin ba.